Miyar Da Ba Ta Dafa Ba

"Ba zan sake juyewa ba."

Amarya ta faɗi haka ne ƙasa-ƙasa, tana tsaye a ɗan siririn kicin ɗinsu, ko takalmin aiki ba ta cire ba. Mijinta, wanda kowa a dangi yake kira Injiniya, yana riƙe da babbar kula yana miƙo mata da hannu bibbiyu.

"Haba zuciyata, rage murya. Inna ba barci take ba, lazimi take yi..."

"To ta ji mana. Ai gara ta ji."

"Yau kaɗai. Zan fita da ita ta miƙe ƙafa, ke kuma ki karɓo miyar ki juye a tukunya, ki ɗan soya albasa gidan ya ɗauki ƙamshi. Shi ke nan fa."

Ta dube shi. Mutum ya ƙetare teku, ya tara takardun karatu, manyan injuna suna bin umarninsa, amma gaskiya guda ɗaya ta fi ƙarfin bakinsa a gaban mahaifiyarsa.

Tun da suka dawo wannan birni na ƙasar waje, rayuwa ta zame musu gudu. Ita ma'aikaciyar jinya ce, tana fita gari bai waye ba, tana dawowa ƙafafu a kumbure. Shi ma haka. A kusurwar layinsu suka gano wani ɗan gidan abinci na wata tsohuwa mai kaurin hannu, wadda ba su jin yarenta sosai, ita ma ba ta jin nasu. A nan suka fara yin dariya a garin. A nan ya fara ba ta abinci a baki ba tare da ya waiga ba.

Sai dai kullum da yamma Inna takan kira ta bidiyo. Ranar farko da ta tambaya, "Me Amarya ta girka maka?" kafin Amarya ta buɗe baki ya juya wayar kan miyar kifin da suka sayo ya ce, "Ga shi nan, Inna." Daga ranar zaman gidan abincin ya ragu. Sai dai su sayo, su juye a kula, Inna ta gani ta yi ta sa albarka.

Jiya Inna ta sauka, ta zo a duba mata ido. Yau da safe ta ce ba abin da take marmari sai miyar nan da ta daɗe tana gani a waya.

"Ka san Auta ta kira ni ina wurin aiki?" in ji Amarya. Auta ƙanwarsa ce, malamar makaranta, ba ta daɗe da aure ba. "Kuka take yi. Inna ta ce ta ajiye koyarwa, tunda ta kasa haɗa aiki da girki kamar matar yayanta. Da ni ake dukanta. Da miyar da ban taɓa dafawa ba."

Ya sunkuyar da kai. "Zan yi wa Inna magana a kan Auta, a hankali..."

"A hankalin nan naka ne ya kawo mu nan."

"Ke ba ki san Inna ba. A wurinta namijin da ke cin abinci a waje ba shi da mata. Mutuncinki nake karewa."

"Nawa ko naka?"

Ya dubi kular da ke hannunsa.

Ta ɗauki jakarta. 

"Ina can teburinmu a gidan abincin. Idan ka zo da Inna, ka same ni. Idan da kular nan ka zo, ka karɓi miyarka ka dawo, ni zan wuce masaukin ma'aikata. Ina sonka, Allah ya sani... amma na gaji da zama matar da ka ƙirƙira."

Ta bi ta falo ta durƙusa. "Inna, zan ɗan fita."

"A dawo lafiya, 'yata. Kar dai ki manta da miyata."

Gidan abincin bai cika ba. Tebura ne 'yan kaɗan da shimfiɗar roba, fanka tana juyawa a kasalance, ƙamshin tafarnuwa ya cika ko'ina. Tsohuwar ta taso tana goge hannu, ta nuna kujerar da ba kowa, ta ɗaga gira. Amarya ta yi mata alamar yana zuwa. Ita kanta ba ta san ko gaskiya ta faɗa ba.

Ta zauna tana fuskantar ƙofa.

Wani direba ya shigo ya karɓi nasa ya fita. Wasu 'yan mata biyu suka shigo suna dariya. Duk lokacin da ƙofar ta motsa sai ta ɗaga kai. Shayin da aka ajiye mata ya huce, rana ta sauka daga kan gilashin taga. Ta fara tunanin kayan da za ta buƙata a masauki, sai hawaye ya cika mata ido, ta danne shi da ƙarfi.

Ƙofar ta buɗe. Shi ne, shi kaɗai.

Idonta ya sauka kan hannunsa. Ba kula. Ya riƙe ƙofar da kafaɗa, ya juya baya yana cewa, "A hankali, Inna, akwai matakala."

Inna ta shigo tana gyara mayafi, tana ƙanƙance ido. Ta dubi mutanen da ke ci, ta dubi surukarta, ta ja ta tsaya.

"Kai, ina ne nan? Ka ce min iska za mu sha."

Tsohuwar mai abinci ta riga kowa. Ta tafa hannu da murna, ta dafa kafaɗar Injiniya kamar ɗanta, ta shige ciki. Ba wanda ya ce mata komai, sai ga ta da babban kwano na miyar kifi yana tururi, ta dire a tsakiyar tebur.

Inna ta sunkuya ta dubi miyar. Ta daɗe tana dubanta.

Amarya ta miƙe, kanta a ƙasa. Ta ƙudurta a ranta ba za ta ce uffan ba. Wannan maganar ba tata ba ce.

"Inna..." Injiniya ya gyara tsayuwa. "Inna, miyar da kike gani a waya, daga nan take. Amarya ba ta taɓa cewa ita ta dafa ba. Ni na faɗa, ni kuma na yi ta roƙonta ta yi shiru."

"Duk tsawon lokacin nan?"

"Eh, Inna."

"Ina zaune ina sa albarka, kana kallona ta waya kana murmushi?"

"Tsoro na ji kar ki raina ta."

"Sai ka zaɓi ka raina ni."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma sai da ya runtse ido. Amarya ta zaci zai ja da baya kamar kullum, ya ce a yi haƙuri, gobe za a gyara. Bai ja ba.

"Na yi laifi, ki yafe min. Amma Inna, yini take a tsaye kan marasa lafiya. Ranar da ta samu hutu tana girki, ranar da ba ta samu ba nan muke ci, kuma ba zan ƙara ɓoyewa ba. Matata ce ko ta ɗora tukunya ko ba ta ɗora ba. Auta ma haka take a wurin mijinta, don Allah kar a raba ta da aikinta saboda ƙaryata."

Inna ta juya ga Amarya. Ta dube ta daga fuska har zuwa ƙafafun da suka cika takalmi suka tasa.

"Ke kuma bakinki ciwo yake, da ba ki faɗa min ba?"

"Kunya, Inna."

"Kunya..." Inna ta girgiza kai. "Na sa Auta kuka a banza. Kai ne za ka kira ta ka fara ba ta haƙuri, sannan ka miƙo min."

Ta sake waiga ɗakin. Tun da take ba ta taɓa kai loma baki a gaban baƙin ido ba, kowa a gidansu ya san haka. Amarya ta yi saurin cewa, "Bari a ƙulle mana mu tafi gida, Inna."

"A ƙulle a kai gida, a juye a me?"



Inna ta ja kujera da kanta, ta juya ta yadda za ta ba mutane baya ta fuskanci bango, ta zauna. Ta yi bisimilla, ta ɗebi miyar, ta tauna a hankali. Su biyun suna tsaye kamar masu jiran hukunci.

"Gishiri ya yi kaɗan," ta ce. "Je ka kira min baiwar Allahn nan. Albarkar da na yi ta aikowa tata ce, a ba ta kayanta."

Ya nufi kicin da sauri har yana tuntuɓe da kujera. Inna ta kama hannun Amarya ta zaunar da ita kusa da ita, ta tura mata kwanon.

"Cire takalmin nan ki ci. Taki albarkar daban ce, ba ta tukunya ba."

Hawayen da Amarya ta yini tana dannewa suka zubo. Da Injiniya ya dawo ya zauna a ɗaya gefen, sai ya laluɓo yatsunta a ƙarƙashin tebur, ya raɗa mata, "Masaukin ma'aikatan fa, zuciyata?"

Ba ta dube shi ba, amma ba ta janye hannunta ba.

"Su ba wata gadon," ta ce.