Ƙofar da Maganin Baba Bai Rufe Ba

Ranar da Auta ta fara shiga ɗakin gwajin magunguna, ta tarar da wani ya naɗe hannun riga yana ɗauraye kwalabe. Ta dube shi sama da ƙasa, ta miƙa masa jakarta.

"Malam, rataye min wannan. Ina wanda zai koya min na'urar?"

Ya rataye jakar, ya goge hannu. "Ga shi a gabanki, ranki ya daɗe."

Kunya ta kama ta, sai ta mayar da ita tsiwa, ta laƙaba masa Mai Kwalba. Wata shida suna rataye guntun jijiyar zomo cikin ruwan gishiri mai ɗumi, suna tsikarar ta da lantarki, alƙalamin na'ura na zana motsinta a takarda. Ita kanta ba ta san ranar da sunan ya daina zama zagi ba.

Da Baba ya ji labari, sai ya taɓe baki. "Duk karatun nan naki, mai wanke-wanke kika samo?"

Shi yana da nasa: ɗan amininsa, Likita, wanda ko abinci zai ci sai da abin awon ƙirji a wuya. Don neman gindin zama, Likita ya kawo wa Baba sabon maganin hawan jini daga jakarsa. Cikin mako guda Baba ya fara bugun zuciya, fuska na zafi, kai na sarawa.

"Ba maganina ba ne," in ji Likita yana gyara agogo. "Sinadarin kalsiyam yake tarewa, kuma in babu kalsiyam jijiya ba ta aika wa zuciya saƙo. Ta ina zuciya za ta yi gudu? Ɓacin rai ne kawai." Ya saci kallon Auta.

"Kin ji ko?" Mama ta ce. "A kan wancan za ki kashe ubanki?"

Auta ta shige ɗaki ta rubuta: "Mai Kwalba, mu haƙura. An ce ni ce ciwon Baba."

Amsa ta zo: "Zinariyata, kafin ki sallame ni, ki rubuta min lokacin da yake shan maganin da lokacin da bugun ke tashi. Kwana uku kawai."

Ta rubuta. Kullum bayan rabin awa ne, har a ranakun da ba wanda ya ambaci Mai Kwalba.

A ɗakin gwaji Mai Kwalba ya zaro wata tsohuwar takarda ya shimfiɗa mata. "Irin maganin ne, da hannunki kika ɗiga shi. Jijiyar jini ta saki, amma jijiyar saƙo ba ta daina zubo sinadarinta ba. Ƙofar kalsiyam ɗinsu ba ɗaya ba ce, ta farko kawai maganin ke rufewa. Jinin Baba ya sauka farat ɗaya, jiki ya firgita, sai jijiyar saƙo ta zaburi zuciya."

Ta dafe kai. "Ni na yi gwajin, kai ka riƙe shi a ka."

"Ni dai wanki ne nawa. Kada ki taɓa maganin, ki kai Baba wurin likitarsa ta asibiti."

Likitar ta duba lokutan, ta ja tsaki, ta sauya masa wanda ke aiki a hankali. Bugun ya ɗauke kamar ba a yi ba.

Da Likita ya dawo gaisuwa, Baba ko wurin zama bai nuna masa ba. "Ɗana, cire igiyar nan daga wuyanka, nauyi kawai take maka." Ya juya ga Auta. "Ki ce wa mai wanke-wanken nan ina son ganin iyayensa."

Ranar aure Baba ya riƙe hannun ango ya daɗe bai saki ba.

"An ce min shekara tara ba ka taɓa fasa kwalba ba. To ga tawa guda ɗaya. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."

Auta ta sunkuyar da kai, ta raɗa wa ango: "Malam, riƙe min jakata."