Waliyyin Umma

Tun bayan azahar falon ya ɗauki shiru, sai muryar 'yan Indiya a talabijin. Hajiya Fasuma na gefe tana ninke rigunan da ta saro a kasuwar Shahe ta nan birnin Guangzhou, hannu na aiki, hankali na wani wuri. Ɗanta Lukman ya miƙe ƙafa a kujera, matarsa Saffana na kusa da shi.

Abin da ya hana gidan sakewa shi ne maganar Alhaji Wahab, mutumin Kumasi mai lodin takalma a kasuwar Zhanxi. An daɗe da rasuwar mahaifin Lukman, Alhaji ya fito neman auren Hajiya, ita ma tana so, kowa ya sani. Liman ya ce Lukman ne waliyyinta, sai da yardarsa. Shi kuwa gogan ya kafe, wai uwa mai jika ta tsaya soyayya, da wane ido zai kalli abokansa a kasuwa? Ga bizar Alhaji ta zo ƙarshe, Asabar zai tashi, kuma ya ce in babu auren ya bar Guangzhou ke nan.

Abin takaici, Hajiya ba za ta iya roƙonsa ba. Ɗan fari ne. Ko sunansa ba ta kamawa, balle ta dube shi ta ce tana son wani namiji. Sai dai ta shiga ɗaki ta yi kukanta, ta wanke fuska ta fito.

A fim ɗin, wani tsoho da matarsa ta rasu ne ya kamu da son maƙwabciyarsa, 'ya'yansa suka yi masa ca. Lukman sai tsaki yake, yana cewa yaran nan ba su da imani, mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kansu. Da tsohon ya haƙura ya koma ɗakinsa shi kaɗai, har goge ido Lukman ya yi.

Saffana ta kashe talabijin.

"Abban Amira, tsohon Indiya kake wa hawaye? Waiwaya bayanka."

Ya waiwaya. Hajiya ta sunkuyar da kai, rigar da ke hannunta duk ta jiƙe.

Nan ya hau faɗa, wai fim daban, rayuwa daban. Saffana ba ta ja da baya ba. Ta ce a finafinan da, iyaye ne ke raba masoya, a na yanzu 'ya'ya ne suka karɓi aikin, shi ma ga shi ya shiga sahu. Ta tuna masa lokacin da danginta suka ƙi shi, Umman nan ce ta bar kasuwancinta ta tafi Kano tana bin su gida-gida. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce in ta ƙara kalma ɗaya, ta haɗa kayanta.

Sai Hajiya ta yi magana, idonta a ƙasa.

"Saffana, ki ce wa mijinki na haƙura. Kada ya taɓa aurensa saboda nawa."

Lukman ya dubi mahaifiyarsa. Ya zari takalmi ya fice, matan suka bi ƙofa da kallo cikin fargaba.

A Zhanxi ya tarar da Alhaji Wahab tsakiyar kwalaye. Dattijon da furfurarsa, yana ganinsa ya kama gwiwa zai durƙusa masa. Kunya ta kama Lukman, ya yi wuf ya riƙe shi.

"Haba Baba, tashi. Gobe bayan sallar Juma'a ka zo da shaidunka."

Haƙurin Hajiya bai faɗi ƙasa banza ba. Lukman kuwa ya gane cewa uwa ma tana da zuciya, kuma waliyyi amana aka ba shi, ba a ba shi don ya danne kowa ba.

Da labari ya iso gida, Hajiya ta rufe fuska da mayafi ta daɗe a haka. Can ta jawo Saffana kusa, ta tambaye ta a kunne ko ana samun lalle a garin nan.