Wanda Ya Zauna Jinyar Umma

Mutanen labarin nan su ne Auta, ɗan shekara goma sha shida, da mahaifiyarsa wadda ciwo ya kwantar har ya tafi da ganinta, da yayarsa mai aikin dare. Akwai na huɗu, amma ban san sunan da zan ba shi ba.

Da yayar za ta fita ta ce, "Auta, ko ƙofa kada ka leƙa. Umma ba ta iya ɗaga kofi."

Ya ce to. Barci na ɗaukar Umma, ya riƙe takalmansa a hannu, ya sulale zuwa zauren da makaɗa ke wasa. A daren ne mai jita ya miƙa masa makirufo. Ya rera waƙar da ya daɗe yana ɓoyewa, jama'a suka amsa, ƙirjinsa ya buɗe. Bai tuna da Umma ba sai da aka kashe fitilu.

Ya dawo a guje, kunya na cin sa. A bakin ɗaki ya tsaya cak. Sanyi na fitowa ta ƙarƙashin labule, a ciki kuma ana rera waƙarsa a hankali. Ya ɗaga labulen. Wani na zaune a kujerarsa, ya juya masa baya, yana ba Umma ruwa. Fitila na ci, amma inuwar Umma kaɗai ce a bango.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana, yau ko motsawa ba ka yi ba," in ji Umma. "Wane ne a ƙofa?"

Da muryar Auta aka amsa mata: "Ba kowa, Umma."

Inda alƙalamina ya kauce, ina roƙon mai karatu ya gyara mini.