Zuma da Ƙwayar Mika'ilu

A Kontagora akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Tana da ƙane ɗan shekara biyar, sunansa Mika'ilu. Likita ya ce naman zuciyarsa ya yi rauni. Ko tsakar gida ya zaga, sai ya zauna yana haki.

Kullum Umma tana ba shi ƙwayar magani safe da yamma. Bayan nan ta ba shi cokali ɗaya na zumar da ake kawo musu daga Zugurma.

Da Umma ta haihu ta shiga jego, sai ba da magani ya koma hannun yarinyar.

Nan fa kanta ya ɗaure. A Islamiyya malam ya ce zuma waraka ce. Kakarsu Turai ma takan ce, "Mai zuma a gida, ina ruwansa da maganin Bature?" Likita kuwa ya ce kada a fasa ƙwaya. To, wa za ta bi?

Da ta miƙa masa ƙwayar, Mika'ilu ya tura baki. "Yaya, ɗaci gare ta. Ba ni zuma kawai."

Tausayi ya kama ta. Ta jefa ƙwayar bayan randa, ta ba shi zuma cokali biyu. Haka ta yi har kwana huɗu.

Rana ta biyar ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya yi wuya. Baba ya tari tasi, suka nufi asibiti har da ita.

Likita ya ce, "Yana shan maganinsa kuwa?"

Baba ya ce, "Kullum."

Yarinyar ta fashe da kuka. "Baba, ba ya sha. Zuma nake ba shi. Ba an ce waraka ce ba?"

Baba ya yi salati. Likita ya dube ta, ya ce, "'Yata, zuma tana da amfani, tana ƙara masa kuzari. Amma ba za ta yi aikin ƙwaya ba. Kowanne da nasa aiki."

Baba ya ce, "Da kika rikice, me ya hana ki tambaye mu?"

Ta sunkuyar da kai. "Ku yafe mini, Baba."

Bayan mako guda aka sallami Mika'ilu, kumburi ya sace. Ranar da ya dawo, jaririyar da Umma ta haifa ya fara ɗauka, yana ta dariya.

Yara, zuma ƙari ce a kan magani, ba madadinsa ba. In abu ya ɗaure muku kai, ku tambayi manya.