Ta Ari Bakinsa

"Auta, me kika gaya wa matar nan?"

Auta ba ta ɗago kai ba. Idonta na kan kwamfutar da Injiniya ya rufe yanzun nan, hannunta kuwa sai murza gefen mayafi yake yi kamar shi ya yi mata laifi.

"Da ke fa nake magana."

"Don Allah ka zauna tukuna..."

"Ai a zaune nake ta ce min barka da shirin ƙaura! A zaune nake na yi ta washe mata baki kamar wawa, ban ma san wace ƙaura take nufi ba!"

Matar da yake nufi wakiliyar wasu masu zuba jari ce na ƙasar waje, kuma yanzu suka gama kiran bidiyo da ita. Kamfanin Auta da Injiniya ɗan ƙarami ne, ɗaki biyu a saman shagon masu facin taya, da fanka mai kuka da janareta mai taurin kai. Manhaja suka ƙirƙira wadda masu ƙananan shagunan magani ke dubawa su ga wane dila ne ke da maganin da ya yanke musu, ya aiko kafin mara lafiya ya gaji da jira. Shi ke rubuta manhajar, ita ke yawon shawo kan mutane, don Allah ya yi mata baki. In yana son tsokanarta sai ya ce Shugaba. A cikin wannan wahalar soyayya ta shiga tsakaninsu ba sallama, har manya sun san da maganar.

Masu jarin sun yaba aikin, amma da sharaɗi. Sai kamfani ya yi rajista a ƙasarsu, inda suka san kotunanta, inda kuɗi ba ya narkewa a aljihu kafin wata ya ƙare, inda wuta ba ta ɗaukewa ana tsakiyar taro. A kiran da ya gabata Injiniya yana asibiti da mahaifinsa, Auta ce kaɗai a gaban kwamfuta lokacin da matar ta tambaya ko su biyun duka za su taso.

"Na ce mata eh," in ji Auta, muryarta can ƙasa.

"Eh?"

"Kai fa ka koya min! Kai ka ce duk abin da mai saye ya tambaya a ce masa eh, a dawo ofis a ƙera shi daga baya."

Da ma ta haɗiye wannan maganar. Gaskiya ne, dokarsu ce tun farko, da ita suka samu rabin abokan cinikinsu. Amma tana fita daga bakinta ta ji muninta.

Injiniya ya dube ta, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Wannan maɓalli ne a manhaja, Auta. In na kwana biyu a kansa sai ya fito. Babana fa? Wane dare zan kwana in ƙera masa ƙafa da baki?"

"Masoyi..."

"Kin san ni ke ɗaga shi. Kin san ni ke kwantar da shi. Amma kika ari bakina kika ci min albasa a gaban baƙi."

Ya ɗauki jakarsa ya sauka. Bai buga ƙofa ba, a hankali ya ja ta, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

A gida kuwa murna ake yi. Yayanta, wanda shi ne madadin uba a wurinta tun rasuwar mahaifinsu, har ya gama sanar da dangi.

"To mene ne abin kumbura fuska?" in ji shi. "Dama ta ƙwanƙwasa ƙofa, ki tsaya jiran wanda aka ɗaure da ƙafar gado?"

"Yaya, mahaifinsa ne fa."

"Allah ya ba shi lafiya. Amma ban yi wahalar karatunki don ki ƙare a saman masu faci ba. Ga mutumin kirki nan yana ta yi miki hanya, ke ko kallo bai ishe ki ba."

Mutumin kirkin shi ne Ɗan-jirgi, dillalin da ya haɗa su da masu jarin. Ma'aikatan ofis suka laƙa masa sunan, don ba ya buɗe baki sai ya ambaci jirgin da ya sauko daga ciki. Shi ne ya kira ta ana gobe za a yi wancan kiran, ya ce mutanen nan ba sa son jin "amma", da zarar sun ji mutum ɗaya ba zai zo ba sai su nannaɗe tabarmarsu.

Kamar ya san ana zancensa, sai ga kiransa.

"Gimbiya, na ji an ɗan samu hayaniya."

"Injiniya ya ji komai."

"To ai da sauƙi! Ki bar shi ya yi fushinsa. In ya ce ba ya zuwa, injiniyoyi a can kamar ƙasa suke. Ni kuma ina nan, ba za ki yi kaɗaici ba..."

Ta kashe wayar. Sai yanzu ta ga inda aka dosa da ita. Ta so ta ɗora masa laifin duka ta huta, amma zuciyarta ta ƙi ba ta haɗin kai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ita ma tana son tafiyar, tana sonta ƙwarai. Ta gaji da neman gafarar manyan mutane saboda wuta ta ɗauke, ta gaji da jin "aikinku ya yi kyau, sai dai inda kuke". Lokacin da ta ce eh, ta tuna da tsohon mahaifin Injiniya sarai, ta dai kawar da kai ne.

Kwanakin da suka biyo baya Injiniya bai fasa zuwa aiki ba. Yana gaishe ta, yana amsa tambaya, yana ce mata Shugaba, amma babu tsokana a ciki ko ƙwaya ɗaya. Da ya zage ta da ta fi samun sauƙi.

Ran nan da hantsi ya tsaya a bakin teburinta.

"Na kai fasfo ɗina. Za a nema min biza."



"Za ka je?"

"Kin riga kin faɗa. In muka janye yanzu sunanki ne zai ɓaci, ga mutum huɗu suna cin abinci a nan."

"Baba fa?"

"Na samu mai jinya. Ina koya masa."

Abin da ta yi ta roƙon Allah ke nan, ga shi ya zo har teburinta, amma ta ji kamar an ɗora mata dutse a ƙirji. Da rana ta kasa cin komai. Da la'asar ta sayi lemo da ayaba ta nufi gidan su Injiniya.

Ummansa ce ta buɗe mata, mace mai sanyin magana wadda ba ta taɓa kiranta da komai ba sai 'yata.

"Shigo, 'yata. Suna ciki ana darasi."

Daga bakin ƙofar ɗakin ta hango su. Tsohon na zaune a bakin gado, ɓarin jikinsa na dama a sake, bakin ya ɗan karkace. Mai jinyar, wani dattijo mai tsafta, ya sunkuya zai ɗaga shi zuwa keken guragu.

"Ba ta nan ba," in ji Injiniya. "Ka sa hannunka ƙarƙashin kafaɗar hagu. Kuma ka fara gaya masa, ba ya son a ɗauke shi kamar buhu."

Mai jinyar ya yi yadda aka ce, bai kuskure komai ba. Amma tsohon ya miƙa hannunsa mai lafiya ya damƙe rigar ɗansa. Ba ya iya magana, sai wani gurnani da ke fita daga maƙogwaronsa, hawaye na bin gefen fuskar da ba ta motsi.

"Baba, saki mana. Ina nan fa, ba inda na je."

Tsohon bai saki ba.

Auta ta juya da sauri, ta yi karo da Umma a tsakar gida.

"Umma, ni ce... ni na jawo wannan."

"Na sani."

"Ki ce min wani abu, don Allah! Ki yi min faɗa!"

"Faɗan me? Ni na ce ya tafi. Ba zan so a ce mun cinye masa ƙuruciya ba." Ta karɓi ledar lemon ta ajiye. "Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai, 'yata. Da ma shi ya zo ya ce min yana so. Sai ya zo ya ce min an riga an faɗa."

Auta ta fita ƙofar gida ta ciro waya tana kuka. Ta nemo lambar matar. Yanzun nan za ta kira ta ta warware komai, a fasa, kowa ya huta. Har ta kai yatsa sai ta tsaya. Wannan ma ai ita kaɗai ce ke shirin yankewa. Rannan ta tafi da shi bai sani ba, yau kuma za ta zaunar da shi bai sani ba.

Ta mayar da wayar jaka, ta zauna a kan dakali tana jira har ya fito raka mai jinya.

"Me kike yi a nan?"

"Tambaya na zo yi. Wadda ya kamata in yi tun farko." Ta share ido. "Masoyi, me kake so?"

Ya zauna a ɗaya gefen dakalin, ya haɗa kai da gwiwa.

"Ina so in tafi."

Ta dube shi da mamaki.

"Wallahi ina so, Auta. Kullum na ɗaga shi da safe sai na tuna akwai inda zan zauna in yi aikina ba janareta, ba asibiti. Sai in ji kunyar kaina ta kama ni. Ranar da matar nan ta yi min barka, kin san abin da na fara ji kafin fushi? Daɗi! Shi ya sa na kasa kallonki. Kin faɗi abin da nake ɓoye wa kaina."

"To za ka je?"

"A'a." Ya girgiza kai. "Kin ga yadda ya riƙe rigata. Ba zan iya ba."

"Ka yafe min..."

"Ki daina kuka a ƙofar gidan surukai, Shugaba, za a ce tun yanzu na fara gana miki azaba."

Ta yi dariya cikin hawaye, don tsokanar ta dawo.

Washegari suka zauna a gaban kwamfuta kafaɗa da kafaɗa, ba tare da sun sanar da Ɗan-jirgi ba. Auta ta ce wa matar amsar da ta bayar rannan ba gaskiya ba ce, ba ta tambayi abokin aikinta ba. Injiniya ya faɗi dalilinsa da bakinsa.

Matar ta cire tabarau.

"Ban ji daɗi ba," in ji ta. "Wanda zai riƙe kuɗin mutane ba ya amsa abin da bai tabbatar ba. Amma wa ya ce muku dole ku zo ku biyu? Tambaya kawai na yi. Abokan cinikinku a can suke, in kowa ya taso wa zai ji kukansu? Ke shugabar kamfani muke buƙata a nan, kusa da lauyoyi da masu jari. Wannan kam babu sassauci."

Bayan an kashe kiran Auta ta kifa kai a kan tebur. Ashe duk wannan ƙunar, har da hawayen tsoho, a banza ta jawo su. Kuma ga shi tsugune ba ta ƙare ba, ita kaɗai za ta tafi.

"Ba zan je ba," ta ce.

"Tambayata kike yi ko sanarwa?"

Ta ɗago da jajayen idanu.

"Tambaya."

"To za ki je. Amma ba a matsayin budurwar da Ɗan-jirgi zai riƙa kai wa furanni ba. Sai an ɗaura mana aure tukuna."

Yaya ya yi tsalle ya dire, ya ce ba a taɓa aure miji a gabas mata a yamma ba. Auta ta durƙusa a gabansa ta ce in babu auren babu tafiyar, kuma wannan karon su biyu suka yanke. Da ya auna ya ga tafiyar ce za ta suɓuce, sai ya sauko yana gunaguni. Aka ɗaura aure ba wani taro. Ɗan-jirgi ya aiko da saƙon taya murna mai kalma biyu, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Ranar tafiya ta faɗo daidai da ranar ganin likitan Baba, don haka angon bai samu raka ta filin jirgi ba. A ƙofar gidan su Injiniya suka yi sallama, Yaya na cikin mota yana danna ham. Ta riga ta shiga ta durƙusa wa tsohon, ya ɗora mata hannunsa mai lafiya a ka, ita kuwa ta kasa haɗa ido da shi.

"Na bar ka da komai," ta ce. "Da Baba, da ofis, da janareta..."

"Janaretan ne dai ban yafe ba."

"Da gaske nake! Ni na so tafiya, kai ma ka so, amma ni kaɗai na samu. Ta yaya zan ji daɗinta?"

Ya riƙe hannayenta biyu.

"Ba sai kin ji daɗinta kullum ba, Autata. Ki dai je ki yi mana aiki. Ni na ce ki tafi, da bakina."

Daga cikin gida Umma ta ƙwala masa kira, lokacin asibiti ya yi. Ya saki hannunta ya juya da sauri.

Motar ta tashi. Auta ta waiga ta gilashin baya ko za ta ga ya tsaya yana ɗaga mata hannu, amma ya riga ya shige. Sai can da suka kusa shan kwana ta hango shi ya fito da baya-baya, yana jan keken mahaifinsa a hankali don kada tayar ta bugi dokin ƙofa.