Wanda Ya Gusar da Alamar Baranda

Rahoton ya iso ofis ne Sufeto Holroyd yana tsakiyar cin kifi da soyayyen dankali a takarda. Wata yarinya ta faɗo daga baranda ana gwajin wasa a sansanin yara na Fellgate, an wuce da ita asibiti, uwarta kuma ta rantse ba tsautsayi ba ne.

Holroyd ya san wurin. Tsohuwar makarantar kwana ce a bayan garin Skipton, da an ba da dogon hutu sai ta cika da yara masu koyon waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. A kwashe makonni ana gasa musu gyaɗa a hannu, a ƙarshe su yi wasa ɗaya iyaye su tafa. Bai taɓa samun matsala da yaran ba. Iyayen ne ba ya ƙauna.

Asibiti suka fara zuwa, shi da Saja Binns. Likita ya ce Imogen Garside za ta rayu, amma ƙashin bayanta ya taɓu, maganar rawa kuwa a bar ta tukuna. Shekararta sha biyar.

Uwar tana zaune a farfajiyar ɗakin tiyata, doguwar mace mai tsayuwar 'yan rawa, guntayen zare manne a rigarta, wani jan zare mai faɗi rataye a wuyanta ya shige cikin rigar. Ita ke ɗinka wa sansanin kayan wasa kyauta duk shekara.

"Misis Garside, kin ce ba tsautsayi ba ne. Me ya sa?"

"Saboda ba 'yata ce ya kamata ta hau barandar nan ba. Ita 'yar ko-ta-kwana ce, sai tauraruwa ta kasa take shiga. Keeley Marsden ce tauraruwar. Da safe lafiyarta ƙalau, ana gama cin abinci wai murya ta dishe. Ta shirya abin da ta shirya, ta tura min 'ya."

"Me Imogen ta tare mata?"

"Ta fi ta murya, kowa ya sani. Gobe mutanen kwalejin waƙa za su zo daga Manchester. Ita waccan a kyauta aka ɗauke ta, ba ta da wata ƙofa sai wannan. Ka je ka tambaye ta, Sufeto, in ma za ta amsa maka."

"Ke kina ina lokacin?"

"Ina ɗakin ɗinki, a ƙasa. Ban fito ba tun safe sai da na ji ihu."

A Fellgate daraktan wasan ne ya tare su, Mista Rupert Lyle, mutum mai naɗe wuya da gyale a tsakiyar zafi. Ya kai su zauren wasa yana ta maimaita cewa shekara da shekaru ko ƙwarzane yaro bai taɓa yi a hannunsa ba.

Barandar ta katako ce, an kafa ta a kan dandamali, ta kai tsayin mutum biyu.

"A wannan fitowar ana kashe fitilu duka," in ji Lyle. "Yarinyar ta hau, ta taka zuwa tsakiya a cikin duhu, ta tsaya, sai haske ya faɗo a kanta ta fara waƙa."

"Da me take ganin hanya?"

"Da alama. Guntayen salatif ne masu haske a duhu, muna manna su a ƙasa. Abu na farko da muke koya wa yaro ke nan: kada ka laluba, kada ka yi tunani, bi alamarka. Inda ta ƙare nan za ka tsaya."

Holroyd ya hau, ya sa Binns ya kashe fitilu. Ɗigo-ɗigon kore suka bayyana a ƙasa, suka miƙe a jere har bakin barandar, na ƙarshe ya ɗan leƙa iska. Da aka kunna fitila ya durƙusa. Sawun gam na tsohon layin yana nan a jikin katako, kuma shi ya tsaya ne kamu ɗaya kafin baki.

"An gusar da su," ya ce. "Ina ƙarfen da ke tare bakin nan?"

"Ba a taɓa sa shi ba."

"To waɗannan ramukan ƙusar fa? Garin katakon ma bai share ba."

Lyle ya gyara gyalensa. "Yana kare fuskar yarinya daga 'yan kallo. Na cire shi shekaranjiya. Amma ba ni na taɓa salatif ba, ranka ya daɗe. Kuma na riga na yanke shawara, Keeley za ta tattara kayanta ta koma gida yau. Iyaye sun fara bugo waya."

"Ba inda za ta sai na gan ta."

Sun same ta a ɗakin kwanan 'yan mata, matar da ke kula da ɗakin tana zaune a gefenta. Sauran yaran sun janye katifunsu daga kusa da nata. Ƙaramar yarinya ce mai faɗin kafaɗa, ta rungume kofin ruwan zafi da zuma, da wani kwali rataye a ƙirjinta.

"Ke ce Keeley?"

Ta gyaɗa kai.

"Kina ina lokacin cin abinci?"

Shiru.

"Oga, wannan taurin kai za ta gwada mana," in ji Binns.

"Ba taurin kai ba ne," in ji matar. "Hutun murya aka sa ta. Dokar nan ce, wanda aka rataya wa kwalin ba ya magana sai an cire masa, ko da gobara ce ta tashi. Tun ɗazu yara ke zaginta, ko uffan ba ta ce ba."

Holroyd ya ja kujera ya zauna. Abin ya sosa masa rai. Ana shirin rataya mata laifin da zai bi ta har tsufa, ita kuma tana tattalin maƙogwaro saboda gobe.

"'Yata, ni na ɗage miki dokar. Yi magana a hankali. Kina ina?"

"Ɗakin cin abinci," ta ce da wata murya kamar ana goga takarda.

"Na tambaya a can. Ba wanda ya gan ki."

Idanunta suka ciko. "Ina banɗaki. Na buɗe ruwan zafi ina shaƙar tururi. Tun jiya maƙogwarona ke ciwo, na ɓoye. Na san da sun ji za su ba Imogen wurina."

"Wa ya gane?"

"Mista Lyle, da muka dawo muna ɗumama murya. Na ce masa zan iya. Na roƙe shi."

Holroyd ya aika aka kira Lyle. Da ƙyar ya amsa, yana kallon taga.

"E, ta roƙa. Har ta fara hawa matakala, ni na riƙo hannunta na sauko da ita. Ta kira ni da wani suna da ba zan maimaita ba."

"Kuma ba ka ga ya dace ka faɗa min ba, kana shirin korar ta?"

"Ba ka tambaye ni ba."

A waje Holroyd ya tsaya a bakin filin wasan ƙwallo. "Binns, wanda ya haƙa rami ba ya kokawa don a bar shi ya taka. Lyle ya ce da safe Keeley ta bi layin nan a duhu lafiya. An gusar da shi ne ana cin abinci, kuma a lokacin duk sansanin nan sun san Keeley ce za ta hau. Ba Imogen aka nufa ba."

"To wa ke cin riba idan Keeley ta karye, Oga?"

"Wadda ke kwance a asibiti."

Suka koma barandar. Holroyd ya ɓamɓare guntu ɗaya daga sabon layin, ya ɗaga shi a haske. Sauran salatif na dandamalin duk a miƙe aka yanka su. Wannan kuwa bakinsa biyu tsini-tsini ne kamar haƙoran zarto.

Ɗakin ɗinki yana ƙarƙashin dandamalin, da wata 'yar matakala da ke ɓullowa daidai bayan barandar. Wata mai koyar da rawa tana ciki tana ninke riguna. Holroyd ya nuna mata guntun.

"Wane almakashi ke yanka haka?"

"Mai haƙora, na yadi, don kada baki ya zare. Ɗaya ne a nan, na Lorna Garside."

"Yana ina?"

Matar ta yi 'yar dariya marar daɗi. "A wuyanta mana. Da shi take cin abinci. Bara wani yaro ya yanka takarda da shi, sai da ta sa shi kuka a gaban kowa. Ko ni ban isa in taɓa ba."

Rana ta yi sanyi lokacin da suka koma asibiti. An fito da Imogen daga tiyata, ba ta gama farfaɗowa ba. Misis Garside tana tsaye a ƙofar ɗakin.

"Kun kama ta?"

"Ba mu kama ta ba. Ba ni abin da ke wuyanki."

Hannunta ya kai ƙirji kafin ta yi tunani. "Wannan kayan aikina ne."

"Na sani. An ce ba mai taɓa shi sai ke."

Ta ciro shi a hankali. Holroyd ya karɓa da hankici ya buɗe. A tsakanin haƙoran akwai danƙon gam, da wani ɗan siririn kore maƙale a kusa da ƙusa. Ya ajiye guntun salatif a gefensa a kan tafin hannu.

"Na yanka wa yara salatif a makon jiya," ta ce. "Suna roƙona."

"Ke da kika sa yaro kuka a kan takarda? Misis Garside, kina ƙasa kina ɗinki, ba ki san an canja ba. Kin hau ta matakalar baya ana cin abinci, kin gama, kin koma kin zauna kina jiran ihu. Ihun ya zo. Sai da kika fito kika ga wadda ke kwance."

"Ƙarya kake."

"Abin da ban gane ba shi ne na bayan. Kin ga 'yarki a ƙasa, kin biyo ta har nan, kuma a cikin motar asibiti kika samu sukunin zaɓar wadda za ki ɗora wa laifin."

Sai ga nas ta leƙo daga ɗakin.

"Misis Garside, ta buɗe ido. Ba ta iya magana sosai ba tukuna, amma ta ce in gaya miki ki yi haƙuri. Wai ta bi alamar kamar yadda kike koya mata, ba ta san inda ta kuskure ba. Tana tambaya ko kina fushi da ita."

Misis Garside ta ja da baya. Ta zame ta zauna a kan benci, ta daɗe tana kallon takalmanta.

"Ba mutuwa na so ta yi ba," ta ce a ƙarshe. "Targaɗe kawai, ko karaya a ƙafa. Na yi rawa a ƙaramin dandamali ina yarinya, na faɗo sau nawa, na tashi. Ban lura da tsayin ba. Tun Imogen tana shekara huɗu nake kai ta darasi, cikin ruwa da sanyi. Shekara uku tana ko-ta-kwana a sansanin nan, ni ina ƙasa ina ɗinka wa 'ya'yan wasu riguna. Sai wata ta zo daga Bradford, ko karatun waƙa ba ta iya ba, a miƙa mata komai don ta ba su tausayi."

"Ba don tausayi ba ne. Ke ma kin ji ta tana waƙa, shi ya sa kika hau barandar."

Ba ta musa ba.

Holroyd ya karanta mata abin da doka ta ce a karanta. Ya ce idan tana so ta shiga ta ga 'yarta kafin su tafi, Binns zai tsaya a ƙofa. Ta kalli ƙofar, ta girgiza kai.

"Me zan ce mata?"

"Ki ce mata ba ta kuskure ba."

"Kai ka faɗa mata."

Binns bai sa mata ankwa ba, ya dai riƙe gwiwar hannunta. Suna cikin tafiya a doguwar farfajiyar wayar Holroyd ta yi ƙara. Lyle ne. Hukumar sansanin ta zauna, an soke wasan gobe, an kuma bugo wa mutanen kwaleji an ce kada su zo. Da safe motoci za su kwashe yara.

"Keeley fa? Ba ta da laifi, na tabbatar."

"Madalla. To sai ta tafi gida da sauran."

Misis Garside ta ji komai. Ta tsaya, ta juyo, fuskarta a bushe.

"Ita ma ba za ta yi waƙar ba ke nan."

"Ba za ta yi ba."

Ta gyaɗa kai kamar wadda aka rage wa kaya, ta ci gaba da tafiya. Holroyd ya sha kama ɓarayi da masu kisa, amma bai tuna wanda ya tsana kamar yadda ya tsani matar nan a wannan lokacin ba.

Ya tsaya har Binns ya sa ta a mota ya rufe ƙofa, sannan ya buga wa matar da ke kula da ɗakin 'yan mata, ya ce ta gaya wa Keeley an wanke ta.

"Madalla, Sufeto," in ji matar. "Ga ta nan kusa da ni. Kuna fita ta mayar da kwalinta, ta ƙi ko da tari, wai tana ajiye muryar saboda gobe. In ba ta wayar?"

Holroyd ya kalli tagogin asibitin, inda wata yarinyar ke jiran amsa ita ma.

"A'a," ya ce. "Ki bar ta ta shanye zumarta. Ga ni nan zuwa."