Ƙarafan Ƙarƙashin Matakala

Ranar da abin ya fara, Umma tana tsakar gida tana kwashe shanya, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa. Mijinta mai walda ya riga ya kashe injinsa a shagon da ke jikin ƙofar gida, layin ya yi tsit irin na gab da magariba. Sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗakin 'yarsu Auta. Umma ta ɗaga kai ta zagi yaran maƙwabta. Wani ya sake faɗowa, wani ya biyo shi, a hankali, kamar mai jifan ba ya sauri. Da ta leƙa waje babu yaro ko ɗaya a layin, sai ƙarafan nan masu tsini da aka kafa a ƙarƙashin matakala.

Matakalar ta siminti ce, a waje take, tana hawa zuwa ɗakunan 'yan haya. A lungun da ke ƙarƙashinta wani tsoho ya daɗe yana kwana, tun Auta tana rarrafe. Baba Mai Kwali ake ce masa, don kwali ne katifarsa. Kullum da yamma sai ya share lungun da guntuwar tsintsiya, ya tsaya a bakinsa ya yi sallama kafin ya shiga, alhali babu kowa a ciki. Yara suna dariya, manya suna cewa kansa ya taɓu.

Sai mutanen layin suka yi taro a kansa. Mai kemis, wanda shi ne shugaban ƙungiyar layi, ya ce tarin tsohon yana korar masa masu saye, kuma baƙi suna raina unguwa. Kowa ya gyaɗa kai. An tattauna tsawon ƙarfe da kaifin tsini, amma babu bakin da ya tambayi inda mutumin zai koma. Aka ba mai walda aikin, shi kuwa ya zuba gwaninta, ya haɗa raga mai tsini reras, har fenti ya shafa mata. Haka mutanen kirki suke zaluncinsu, a zaune, da yardar kowa, sannan su tashi su tafi salla.

Duwatsun ba su daina ba. Da rana ta karkata suke farawa. Bayan su sai Auta, budurwa mai son gadonta da madubinta, ta daina hawa gado. Ta jawo kwalin da aka kawo firiji a ciki, ta shimfiɗa a bakin ƙofa, ta duƙunƙune a kai. Ta koma yin wani tari mai zurfi, na ƙirjin da ya sha sanyin siminti, wanda Umma ta san shi sarai. In an taɓa ta sai ta kalli mutum da idon da bai san shi ba.

A nan ne ran Umma ya gama ɓaci da mutanen layin. Matan da ke aron turminta suka hana 'ya'yansu shigowa. Mai kemis ya aiko da ƙwayoyin barci, bai tako ba. Ta ga yadda ake tsallaka titi in an zo daidai ƙofarsu, ta tuna haka ita ma take yi wa lungun matakala.

"Baban Auta," ta ce wa mijinta, "ko ka nemo malami yau, ko in ɗauki 'yata in fita da ita."

Ya nemo. Dattijo ne siriri mai sanyin murya, ya iso bayan magariba. Bai nemi turare ko wani abu ba, ruwa kawai ya ce a ba shi a kofi. Ya zauna a gefen kwalin ya fara karatu. Gidan ya yi shiru, ko kaji ba su motsa ba. Karatun ya yi nisa kafin Auta ta miƙe zaune, ta buɗe baki, murya ta fito mai kauri da tsufa.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"To fita daga jikin yarinyar nan. Ba ta yi maka komai ba."

"In fita in je ina?"

Umma ta dafe bango. Wannan tambayar ta taɓa jin ta daga bakin tsohon, da waɗannan kalmomin, ranar da aka kore shi aka jefar da kwalayensa a kan titi.

"Ina kake zaune a da?" in ji malamin.

"A lungun matakala. Tun ba a yi ginin nan ba nake wurin. Ban taɓa ɗan kowa ba. Mu biyu muke zaune da tsohon, shi kaɗai ne a layin nan yake yi mini sallama. Sai wancan ya cika wurin da ƙarfe, kuma kun san ba ma zama da ƙarfe." Kan Auta ya juya wajen ubanta. "Ka kore ni daga waje, na shigo ciki. Laifin wa?"

Mai walda ya ce, "Ba ni kaɗai ba ne. Jama'a ne suka yanke."

"Jama'a," in ji muryar, ta yi wata dariya marar daɗi. "Suna ina yanzu?" Sannan ta juya wajen Umma. "Ke kuma kin ji tsohon yana tambaya, kika rufe taga."

Umma ba ta musa ba.

Aka shiga ciniki. Aljanin ya ce a bar masa ɗakin yarinyar, malamin ya ce ko kusa. Ya ce to a bar shi a jikinta zuwa ƙarshen damina, malamin ya ɗaga kofin ruwa ya ci gaba da karatu har Auta ta sa ƙara. Daga ƙarshe muryar ta sauko.

"A cire ƙarfen. A dawo mini da maƙwabcina. Yana bayan tasha, ƙafafunsa sun kumbura. In aka yi haka ba ku ƙara jin motsina."

"Ka yi alkawari?"

"Na yi. Mu ba ma taro a kan alkawari."

Mai walda ya fita ya tada injin yanka. Tartsatsi ya haska layin, tagogi suka buɗu, babu wanda ya fito. Da ƙarfe na ƙarshe ya faɗi, Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a jikin uwarta, ta ce da muryarta ta kullum, "Umma, me nake yi a ƙasa?"

Washegari mai walda ya samo tsohon a inda aka faɗa, ya goyo shi a babur. Umma ta kwashe tarkacen ɗakin ajiya ta shimfiɗa masa katifa, amma tsohon ya ce a yi haƙuri, akwai mai jiransa. Sai aka ɗora katifar a kan katako a lungun, aka sa ƙofar katako, ba ta ƙarfe ba.

Da yamma Umma ta fito da kwanon abincinsa, ta tarar da mai kemis a bakin shago, wasu maƙwabta a bayansa. Ta ɗauka sannu suka zo yi. Ashe labari ya zaga cewa ƙarfen mai walda yana korar aljanu, kowa yana son a kafa masa irinsa a ƙofar gida, mai tsini sosai, yadda mutum ma ba zai iya raɓa ba.

Mai walda ya kalli matarsa. Umma ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta san ɗakin kowa da sunan 'yar kowa.

"Yi musu, Baban Auta," ta ce. "Ai ka ji abin da aljanin ya faɗa. In an kore shi daga waje, ciki yake shiga."

A bayansu tsohon ya jingine tsintsiyarsa, ya tsaya a bakin lungun ya yi sallama, kuma duk wanda ke wurin ya ji an amsa masa.